Sannunku da Ƙoƙari, Masu Fim ɗin Mayu

Yaba kyauta tukwici. To yau ni tukwici na ɗauko, don kyautar da aka yi mana a ƙasar Daura ta wuce a karɓa a yi shiru. Ƙannena masu shirya wasan kwaikwayon mayu mai dogon zango, wanda kuke sakar mana kashi-kashi duk mako a YouTube, masu tura finafinai kuma suke zuba wa jama'a a waya a rumfunan caji, tun daga cikin garin Daura har Mai'aduwa da Zango da Baure da Sandamu, sannunku da ƙoƙari. Allah Ya saka muku daidai da abin da kuka shuka, kada Ya rage muku ko ƙwaya ɗaya.

Abin yabo na farko, kun warware wa Bahaushe matsalar da ta gagari kakanninsa. Tun kaka da kakanni ana zancen maita. Ana cewa maye yana da ƙanƙara a ciki, yana kama kurwar mutum ya ɓoye, amma ba wanda ya taɓa zana kamanninsa ya ce wa jama'a ga shi ku gani. Sai da kuka zo. Yanzu ɗan shekara bakwai ma yana gane mayya daga nesa. Tsohuwa ce, haƙoranta sun zube, bayanta ya ranƙwafa, mijinta ya rasu, ba ta da ɗa namiji da zai tsaya mata, ɗakinta yana can ƙarshen gari, zanenta ɗaya. In tana magana ita kaɗai, alama ce. In ta yaba kyan jariri, alama ce. In ta miƙa wa yaro ƙuli-ƙuli, magana ta ƙare. In kuma ta yi shiru ta kama kanta, to wannan ita ce uwarsu.

Kun kuma iya zaɓe, madalla. Mai kuɗi in ya shiga harkar duhu a fim ɗinku, ba maye ne sunansa ba, ɗan ƙungiyar asiri ne. Kuna ba shi kujera da jar alkyabba da mota, kuna kuma tanadar masa kashi guda cur na tuba, ya yi kuka, malam ya dafa kafaɗarsa, a yafe masa. Tsohuwa kuwa rabonta wuta. Wannan ai hikima ce. Alhaji yana da lauya, yana da 'ya'ya a gwamnati, wataƙila ma shi ya ba ku aron gidan da kuka yi ɗauka a ciki. Tsohuwa mai sayar da kuka da kuɓewa wa take da shi? Jarumi na gaske shi ne wanda ya san inda zai kai duka ba a rama ba.

Na biyu, tattali. Tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990, masu fim ɗin Hausa suke kukan rashin jari. Ku kun gano maganin wannan kuka. Fim ɗin mayu ba ya buƙatar marubucin da zai kwana yana tunani, ba ya buƙatar bincike, ba ya buƙatar tufafi. Gawayi, toka, ruwan zoɓo mai kauri a madadin jini, kango ɗaya, tsamiya ɗaya, koren ƙyalle da za a rataya a bango, sai yaron da ya iya kwamfuta ya mayar da ido ja, ya sa kukan mujiya, ya ɗaga tsohuwa sama. An gama kashi na goma sha biyu, a tara mako mai zuwa.

Na taɓa tarar da wasunku suna irin wannan ɗauka a wani kango a bayan gari. Janareto yana ta ruri, yara sun cika katanga. Dattijuwar da aka ɗauko ta fito a mayya tana zaune a kan bulo, an yi mata baƙi ƙirin da gawayi, an barbaɗa mata toka a ka. Aka kira la'asar. Ta ce wa daraktan, "Ɗan nan, a bar ni in yi salla mana." Ya duba rana ya ce, "Mama, saura fitowa ɗaya, haske zai tafi." Ba ta tanka ba. Ta ɗauki buta ta koma gefe, ta wanke gawayin tas, ta yi alwala, ta shimfiɗa mayafinta a ƙasa ta yi sallarta, ta daɗe tana addu'a. Da ta shafa, ta dawo ta zauna a bulon, ta miƙa fuska aka sake shafe ta. Aka ce ta yi dariyar mugunta, ta yi. Aka ce ta lashi leɓe tana kallon yaro, ta lasa. Da yamma aka damƙa mata abin da bai fi kuɗin cefanen kwana biyu ba, ta yi godiya har da durƙusawa. Yaran da ke kan katanga ba su tsaya ganin sallar ba, dariyar suka tafi da ita gida. Kun ga ribar aiki ke nan: da fuskar talaka aka yi fim, da yunwarta aka biya ta, kuma a kan 'yan'uwanta abin zai ƙare.

Na uku, kun sauƙaƙa mana harkar lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke. Duk wanda ya yi damina a ƙasar Daura ya san yadda asibiti yake cika da yara daga Agusta zuwa Oktoba, wani yana jijjiga, wani ido ya kafe, wani yana sambatu. Manya ba su manta da annobar sanƙarau ta 1996 ba, wadda ta kwashe dubban rayuka a Arewa, ta kuma sake leƙo Zamfara da Sakkwato da Katsina a 2017. Ma'aikatan lafiya sun shekara da shekaru suna bi gida-gida, suna roƙon iyaye su rataya gidan sauro, su ba yara maganin rigakafi na damina, su garzaya asibiti da zarar jiki ya yi zafi. Wahalar banza! Ku da jimla ɗaya kuka sallame su. A kowane fim ɗinku akwai likita mai farar riga da zai cire tabarau ya girgiza kai ya ce, "Mun yi duk gwaje-gwaje ba mu ga komai ba, ku koma gida ku gwada na Hausa." Uwa tana kallo a tsakar gida, ɗanta yana kwance a cinyarta jikinsa kamar garwashi. Kun hutar da ita kuɗin mota. Kuma don kada ta rasa inda za ta nufa, a tsakiyar kashin sai ku dakata ku sako tallar mai maganin sammu da mayu da shafar aljanu, da lambar wayarsa tana yawo a ƙasan allo. Ku shuka tsoro a farkon fim, a girbe shi a tsakiya. Wane manomi ne ya taɓa samun damina mai sauri haka?

Na huɗu, tarbiyya. Kullum kuna cewa ku masu faɗakarwa ne, kuma ni shaida ne faɗakarwar ta isa inda aka aike ta.

A unguwarmu akwai wata tsohuwa da muke kira Iya mai daddawa. Kafin ƙarfinta ya ƙare ita ce ungozomar unguwa. Rabin magidantan da ke zama a dakalin masallacinmu ita ta yanke musu cibiya, har da ni mai wannan rubutu. 'Ya'yanta biyu sun rasu tun suna ƙanana, mijinta ya bi su, ta rage ita kaɗai da tukunyar kalwarta. Da tsufa ya kama ta sai ta fara 'yan surutai, takan kira yaro da sunan ubansa, takan tsaya a ƙofar gida tana tambayar mutanen da suka daɗe a kabari. Gigin tsufa ne, kowa ya sani, ana yi mata uzuri, ana aika mata tuwo.

Wata damina 'yar maƙwabtanta, yarinya 'yar shekara tara, ta kwanta zazzaɓi. Makonni ke nan ita da 'yan'uwanta suna haɗa kai a kan wayar yayansu kowane dare suna bin wani wasan mayu. Da zazzaɓin ya hau kanta ta fara sambatu, tana cewa ga tsohuwar nan, ga ta nan za ta kama ni. Aka ce wace tsohuwa? Aka yi ta tambaya, ana jero mata sunaye, har ta ce Iya. Kafin a yi isha'i an cika ƙofar ɗakin Iya. Samarin da ta wanke ranar da suka zo duniya su suka jawo ta, tana tambayarsu lafiya, wa ya rasu? Aka sa ta tsallake yarinyar a gaban jama'a, wai ta saki kurwa. Tana tsallakawa tana salati, ƙafarta tana rawa. Ba don mai unguwa da liman sun iso ba, da abin ya wuce tsallake, don na ga itace a hannun wasu.

Bayan kwana biyu jikin yarinyar ya ƙara tsanani, aka kai ta asibiti. Aka auna jini, zazzaɓin cizon sauro ne. Aka yi mata allurai, aka sa mata ruwa, Allah Ya ba ta lafiya. Unguwa ta ce, ai ka gani, tsallaken ne ya yi aiki.

Daga ranar ba wanda ya sake sayen daddawar Iya. Yara in sun hango ta sai su tofa yawu a ƙirji su ce kurwata kur, su watse da gudu, daidai yadda suka ga ana yi a waya. Na je gaishe ta bayan sati guda. Na durƙusa na ce, "Iya, ina wuni, ya ƙarfin jiki?" Ta gane ni sarai, ta sa mini albarka. Ta jawo kwanon sha ta ɗebo ruwa a randa za ta miƙo mini, kamar yadda ta saba yi wa duk wanda ya taka ƙofarta shekara sittin. Hannun ya zo rabi sai ta tsaya. Ta mayar da kwanon ta ajiye. Ta ce, "Ɗan nan, yi haƙuri, ka sha a gida. Kada wani abu ya same ka a ce ni ce."

Ƙannena, ku karɓi jinjina. Kun hana tsohuwar Bahaushiya ba baƙo ruwa. Yunwa ba ta yi wannan ba, fari bai yi ba, mulkin Turawa bai yi ba. Ku kun yi shi da waya ɗaya da kati na 'yan kuɗi kaɗan.

Kuma ku dubi garin da kuka yi wannan bajinta a ciki. Daura ce fa. Garin da tarihinsa na baka ya ce mata ne suka fara mulkarsa, magajiya bayan magajiya, tun daga Kufuru har zuwa Daurama. Garin rijiyar Kusugu, inda aka ce maciji ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, kuma tsohuwa ce ta sauki Bayajidda a gidanta a daren da ya iso, ita ta ba shi labarin rijiyar, daga gidanta ya ɗauki guga ya tafi. Ba don tsohuwar nan ta buɗe wa baƙo ƙofa ba, da wa zai ba mu labarin Bawo da Hausa Bakwai? Har gobe sarautar Magajiya tana nan a fadar Daura, har gobe baƙi suna zuwa Sallar Gani suna leƙa Kusugu suna shan ruwanta. Da a ce ku kuka rubuta wannan labari, na tabbata da kun gyara shi: tsohuwar ce za ta zama mai macijin, a kashi na ƙarshe a cinna wa bukkarta wuta, jama'a su yi kabbara.

Kada ku ji kaɗaici, kuna da magabata a wannan hanya. A 1999 aka fitar da wani fim a kudancin ƙasar nan mai suna End of the Wicked, na Helen Ukpabio, wanda ya nuna yara ƙanana suna tashi cikin dare suna taron maita suna cin naman mutane. Masu kare haƙƙin yara sun daɗe suna danganta irin wannan fim da yadda aka riƙa korar yara daga gidajen iyayensu a Akwa Ibom da Kuros Riba, ana azabtar da su da sunan mayu, har sai da Jihar Akwa Ibom ta yi doka a 2008 ta haramta jifan yaro da maita. A arewacin Gana akwai matsugunai irin na Gambaga, inda matan da aka kora daga garuruwansu da wannan tuhuma suke ƙare rayuwa. A watan Yulin 2020 aka yi wa wata tsohuwa mai shekara 90 dukan mutuwa a Kafaba da rana tsaka, mutane suna tsaye suna ɗauka a waya. A Yulin 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya, ta hannun majalisarta ta kare haƙƙin ɗan'adam, ta zartar da ƙuduri a kan cutar da mutane da tuhumar maita. Duniya tana neman hanyar kashe wannan wuta, ku kuna ɗora mata kashi na biyu. Ai namiji ba ya bin yawa.

Doka ma kun fi ta wayo. Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, a sashe na 216 ta sa tuhumar mutum da maita, ko yi masa barazanar tuhuma, cikin laifukan da ake iya ɗaure mutum shekara biyu a kansu. Amma ku ba ku ambaci sunan kowa ba. Kun dai zana hoton, kun rataya a kowane gida, kun bar wa unguwa ta cike sunan. A 2021 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a fim, saboda an yarda abin da ido ya gani hannu yana iya kwaikwaya. Mun shekara ashirin muna ce-ce-ku-ce a kan rawa da waƙa da ɗinkin 'yan mata. Jan tsohuwa a ƙasa kuwa bai taɓa tayar mana da hankali ba, tunda da mayafinta aka ja ta.

To, ƙannena, gatsen ya isa haka. Bari in ajiye shi in yi muku magana kamar yadda wa yake yi wa ƙaninsa, don abin yana ci mini rai.

Na san amsoshinku. Za ku ce ba ku kuka ƙirƙiro maita ba, kun tarar ana zancenta. Gaskiya ne. Amma wanda ya tarar da garwashi a toka ya ɗauko mafici, ba zai ce ba ruwansa da gobara ba. Za ku ce addini ya tabbatar da sihiri. Addinin nan dai shi ne ya gargaɗe mu a Suratul Hujurat a kan zato da bin diddigin mutane, shi ne ya ɗora wa mai tuhuma nauyin kawo shaida, shi ne ya haɗa girmama tsoho da imani. Wane alƙali ne zai karɓi sambatun yarinya mai zazzaɓi a matsayin shaida? Abin da kotu ba za ta saurara ba, ku kun mayar da shi hukunci, kun sa malami da carbi a fim yana sa masa hannu.

Za ku ce abin da mutane suke so ke nan. Mutanen nan su ne suka yi shekaru suna kallon Samanja na Usman Baba Pategi suna dariya har da hawaye, ba a ƙona kowa ba. Su ne suka riƙe Daɗin Kowa na Arewa24 shekara da shekaru, labarin gari da talakawansa da rigingimunsu na yau da gobe. Mai kallo abin da aka saba masa da shi yake nema.

In kuma abin tsoro kuke son yi, ai ba ku kuka fara ba. Tsofaffin nan da kuke shafa wa gawayi su ne suka fara ba mu tsoro, da dare a tsakar gida, da Dodo da kura da aljanun tsamiya, har mu ƙanƙame juna. Amma ku tuna yadda suke rufewa. Sai sun ce ƙurunƙus, sun shaida mana da bakinsu cewa ƙarya ce suka shirya, sannan su tofa mana addu'a mu kwanta. Dodonsu ba shi da gida a unguwa, ba ya sayar da daddawa, ba wanda zai wayi gari ya je ya jefe shi. Sun san nauyin labari a kunnen yaro. Ku kuwa kuna buɗe naku da rubutu cewa wannan abu yana faruwa a cikin al'umma, ku rufe da a kula da maƙwabta.

Kuna da kyamara, kuna da basira, matasa suna jin maganarku fiye da yadda suke jin ta liman da malamin makaranta. Ku yi mana fim ɗin da likita zai ce ya ga abin da ke damun yaro, don a gaskiya yakan gani. Ku yi mana fim ɗin da za a tsaya a ɗakin tsohuwar bayan taro ya watse, a ga yadda take kwana. In dodo kuke nema, ga taron da ya zo da itace, ga mai maganin da ke cin kuɗin uwa har ɗanta ya sanƙare, ga ɗan'uwan da ya jefi gwauruwa da maita don yana hangen gonarta. Waɗannan ba sa buƙatar gawayi.

Iya ba ta ƙara damina biyu ba. Ranar jana'izarta mutanen da suka tsaya a sahu ba su kai waɗanda suka taru a ƙofarta daren tsallake ba. Hausawa suna cewa in maye ya ci ya manta, uwar ɗa ba za ta manta ba. Ku kun ci, kun manta, kuna can kuna shirya sabon zango. Ita ba ta bar ɗa ko jika da zai riƙe muku wannan ba. Amma akwai waɗanda ta yanke wa cibiya, kuma akwai Wanda ba Ya mantuwa. Kwanon ruwan nan da ta mayar ta ajiye, za a tambayi wani a kansa.